Karan Zuƙa a Ranar Suna

Asekenye tana tuƙa tuwon tamba da tsohon cikinta, sai ga surukarta Amoding ta faɗo ɗakin girki ko gaisuwa babu.

"Ina kika tura min ɗa?"

"Yana mitin, Mama."

"Mitin ɗin tonon asiri? An ce zama suke a ajin yara bayan coci, ƙato da gemunsa ya miƙe gaban bare ya ce shi mashayi ne. Ke kika nemo masa wannan abin kunyar."

Ita ta nemo kuwa, kuma ta sha wuya kafin ta samu. Tun ranar da aka tsamo mijinta Okiror daga kwata, shi da babur ɗinsa na acaba, ta shiga yawon tambaya a garin Soroti. Fasto ya ce a dage da addu'a. Mai kemis dariya ya yi mata. Sai wata nas a wurin awo ta ja ta gefe, ta ce akwai masu haɗuwa duk Alhamis, dukkansu giya ta taɓa kayar da su, babu likita babu wa'azi, junansu kawai suke riƙewa. Asekenye ta dawo ta ce wa Okiror, "Ina sonka, Allah ya sani. Amma ba zan yi reno a gidan da uba ke rarrafe ba. Ko ka je, ko in koma gidanmu." Ya je. Tun daga nan bai sake kurɓa ba.

"Ya bar giyar kwalba, to madalla," in ji Amoding. "Amma ajon? Ajon ai abinci ne, tamba ce da ruwan zafi. Da ita na ciyar da shi har ya zama mutum, yau yana wuce tukunyata yana toshe hanci."

"Mama, sun ce ko kurɓi ɗaya—"

"Rufe min baki, mai raba ɗa da uwa. Ranar suna za a gani, tsakanin ni da ke wa ta haife shi."

Asekenye ta ci gaba da tuƙi tana kuka. Tsoro take ji ƙwarai, don ta san mijinta bai taɓa iya ce wa uwarsa a'a ba.

Asekenye ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna dangi suka kewaye tukunyar giyar ajon a gindin mangwaro, kowa da dogon karan zuƙarsa, ana ta ƙara ruwan zafi. Amoding ta tsoma yatsa ta kai bakin jariri, ta kira sunan mijinta marigayi, Ilukor. Yaro ya tsotsa, mata suka rangaɗa guɗa. Ba ta ko goge yatsan ba, ta miƙa wa Okiror kara.

"Ɗanka ya karɓi sunan ubanka. Saura kai. In ka ƙi, ubanka ka ƙi."

Okiror ya karɓa. Ƙamshin ya buge shi, ya haɗiyi yawu. Asekenye ta rungume jaririnta ta miƙe tsaye, don ta riga ta yanke cewa in ya zuƙa daga nan sai tasha.

"Mama, ni mashayi ne," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "In na zuƙa yau, gobe a kwata za ku tsince ni."

Wuri ya kaure. Wani ya ce mijin-ta-ce, wani ya ce a ɗaura masa zane. Amoding ta nuna Asekenye, "Kin ji daɗi, annoba? Kin tozarta ni gaban dangi."

Sai yayan Amoding, Kawu Emuria, ya ajiye kofin shayinsa. Shekara da shekaru ana yi masa uzuri a bakin tukunya saboda gyambon ciki.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi. "Amoding, ba ni da wani gyambo. Ni nake buɗe ajin nan duk Alhamis. Yaron nan ya shigo ya gan ni, bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Shi ya faɗi gaskiya a gabanku, ni kuwa tsoron bakinku ya sa na fake da ciwo." Ya juyo ya dube ta. "Ilukor da kika raɗa wa jariri, me ya kashe shi? Kin ce wa mutane sammu ne. Ke kika yi jinyar hantar nan. Na biyu kike so ki binne?"

Hawaye suka zubo wa Amoding. Ta fizge karan daga hannun ɗanta, ta juyo kan Asekenye a fusace.

"Ke kuma kin tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ba ki iya dafa shayi ba ne? Ga mijinki zaune baki a bushe."

Asekenye ta miƙa wa Okiror ɗansa, ta nufi murhu tana dariya tana kuka.

To 'yan mata, ku ji da kyau. So ba rufa wa miji ciwo ba ne har ya kashe shi. A nemo masa masu irin ciwonsa, a daure wa zagin dangi, don zagi yana wucewa, amma kabari ba ya mayar da wanda ya karɓa.