Agogon Kakan Zulema

Rana ta gama faɗuwa a bayan gidajen San Cristóbal. Nélida tana soya albasa a kicin, mijinta Amado Jalil kuma yana ɗakin aikinsa da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu, a gefe, yana wana agogunansa ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Tsofaffin agogunan hannu ne masu sifirin, waɗanda ya yi rayuwarsa yana tarawa. Idan gida ya yi tsit, har tsakar gida ake jin ƙas-ƙas ɗinsu.

A yammacin nan sai suka tsaya, dukansu a tare.

Ɗaya ne kawai ya ci gaba da tafiya, wanda ke hannun 'yarsa Zulema. Agogon mahaifin Amado ne. Da shi tsohon ya zo daga Sham, ya sayar da shi a wata shekarar wahala, ya mutu yana ambatonsa. Tun yana saurayi Amado ke nemansa, sai a watan nan ya gan shi a kasuwar Lahadi ta San Telmo, ya gane shi da sunan da aka zana da Larabci a bayansa. Mai sayarwa ya ce daga wani gida da ya daɗe a kulle aka fito da shi. Amado ya buɗe shi, ya wanke kayan cikinsa, ya ɗiga mai, ya ɗaura wa Zulema yana share hawaye.

Dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya.

"'Yan maƙwabta ne," in ji Amado.

"Tsoho, maƙwabtanmu duk sun haura saba'in," Nélida ta ce a hankali.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Duwatsu su yi ta sauka, a leƙa babu kowa. Wani lokaci a ji muryar namiji tana gunaguni a ɗakin Zulema. Yarinyar ta daina zuwa jami'a, ta daina cin abinci, sai ta zauna a ƙasa da agogon manne a kunnenta. Da uwar ta gwada kwance maɗaurin, Zulema ta riƙe mata hannu har ƙashin ya yi ƙara. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba.

Nélida ce ta je ta zo da Shehi Yamil, wani tsoho da ya yi karatu a Dimashƙa, ya kuma san kakan yarinyar. Ya shigo ana gab da magariba, ya zauna gabanta, ya fara karatu ba tare da ɗaga murya ba. Duwatsu suka yi ta zuba, bai ko dubi sama ba. Can Zulema ta ɗago kai.

"Ya isa, dattijo." Muryar ta namiji ce, a shaƙe.

"Wane ne kai?"

"Mai ɗakin da aka fasa. Na daɗe a cikin agogon nan, cikin duhu, ba mai damuna. Wannan mutum ya buɗe ni, ya sa ƙarafa suna juyi a kaina dare da rana. Na fito, na sami wuri mai ɗumi."

"Wurin ba naka ba ne. Za ka fita, ko in ci gaba."

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar. "A mayar mini da nawa. Wanda ya buɗe shi ya tsayar da shi da hannunsa, a kai shi inda ba mai sake wana shi. Ko kuwa ya riƙe agogon, in riƙe yarinyar."

Shehi ya juyo ya dubi Amado. Amado bai ɗago ba. Idonsa na kan agogon. Shirun ya yi tsawo har aka ji tukunya tana ƙonewa a kicin.

"Ina da wasu," ya ce da ƙyar. "Akwai na zinariya. Ya zaɓi wanda yake so."

Abin ya yi dariya da bakin 'yarsa.

"Amado," Nélida ta ce. Sunan kawai ta kira.

Ya durƙusa. Wannan karon hannun Zulema ya miƙo da kansa. Ya kwance maɗaurin, ya ɓalle murfin baya, ya sa matsefata ya zare sifirin. Agogon ya yi shiru. Zulema ta sulale jikin uwarta, tana numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Shehi ya naɗe agogon a ƙyalle, washegari shi da Amado suka jefa shi a kogi.

Ba a sake jifa ba. Zulema ta warke, ta koma karatunta, ta koma tsokanar uwarta a kan gishirin miya.

Wata ranar Lahadi Amado ya haɗa mate ya miƙa mata. Ta karɓa, ta riƙe bututun bai kai bakinta ba.

"Baba, ka san duk abin da aka yi ranar ina ji?"

"Na'am, 'yata?"

"Da aka tambaye ka, ina ciki ina jiran amsarka."

Ta ajiye masa ƙoƙon a gabansa ba ta sha ba, ta tashi ta tafi taya uwarta aiki.