Hancin da Aka Koya wa Kawaici

Hancin Gida yana manne a tsakiyar silin, faɗinsa bai wuce faifai ba. Yakan ja iskar ɗaki ta ƙananan ƙofofinsa, ya tantance abin da ke cikinta, ya aika sakamako zuwa wayar iyaye. A ɗakin Nusaiba, can saman wani dogon bene a Birnin Tudun Rana, farin tururi ya tashi daga kan gado ya lulluɓe shi. Hancin ya shaƙa. Ya ji sandal, ya ji kajiji, ya ji hawi. Fitilarsa ta ci gaba da nuna kore.

Injiniya Hindatu, mahaifiyar Nusaiba, ita ta ƙera shi. A shekarun da sigarin lantarki, wanda yara ke kira ɗan zuƙa, ya cika makarantun birnin, hukuma ta hana sayar da shi ga ƙananan yara, ta kuma sa aka maƙala Hancin a kowane gida da kowane aji. Da ya ji tururin nikotin sai ya yi ja, ya kira iyaye. Amma samfurin farko ba shi da ladabi. Amarya ta kunna turaren wuta, ya yi ihu. Tsohuwa ta yi sirace saboda mura, ya yi ihu. Mata suka fara ɗaure masa tsumma. Sai Hindatu ta ƙara masa wani umarni da ta raɗa wa suna Kawaici: duk inda ya ji ƙamshin turaren gida, ya yi shiru, kada ya kunyata kowa. Aka yi tafi, aka ba ta lambar yabo, masu jawabi suka ce ga fasahar da ta san al'ada.

Cikin manyan nan ba a sami ko ɗaya da ya yi tambayar da ɗan firamare zai yi ba: in masu sayar da gubar suka ji wannan labari fa? Sun kuwa ji. Kafin damina ta zagayo, ruwan ɗan zuƙa mai ƙamshin turaren wuta ya shigo kasuwa ta bayan fage, cikin bututu mai kama da tandun kwalli. Taswirar hukuma mai nuna fitilun gidajen birnin ta koma kore kaf, manya suka miƙe ƙafa. Birnin da jiragen ƙasansa ke tafiya a sama ya yarda cewa yaransa sun shiryu gaba ɗaya, don kawai fitila ta faɗa.

Hindatu ma ta yarda. Nusaiba 'yar fari ce, kuma duk ilimin Hindatu bai raba ta da kunyar 'yar fari ba. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama a ɗakinta, ba ta tambayar ta me ke damun ta. Takan duba waya ta ga kore, ta ci gaba da aiki.

Wata Talata da hantsi aka kira ta daga makaranta. Nusaiba ta faɗi a matakala, numfashi ya gagara.

A asibiti Dakta Isiyaku ya taɓa bangon gilashi, hoton huhun yarinyar ya fito.

"Injiniya, wannan farin kumburi ne. Wannan kuma tabo ne. Ana gaya wa yara tururin ruwa ne kawai, alhali akwai sinadaran ƙamshi da ba a yi su don huhu ba, akwai ƙurar ƙarfe daga wayar da ke dafa ruwan. Nikotin kuwa ya riga ya kama ta, don ƙwaƙwalwar 'yar sha biyar ba ta gama ginuwa ba. Kumburin za mu yi maganinsa, in Allah ya yarda. Tabon ya zauna."

"Amma ɗakinta kore ne, Dakta. Kullum ina dubawa."

Hajiya Tabawa, mahaifiyar Hindatu, wadda ke zaune a gefe da carbi, ita ta yi magana.

"Ni fa tun bara nake jin ƙamshin nan. Na ce mata, 'Ƙawata, an fara gyaran ɗaki ke nan? Wane ɗan tselen ne ya yi sa'a?' Ta yi dariya har da tari, na ce sha ruwa, rowar sunansa ce ta shaƙe ki." Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi. "Har garwashi na ce zan aika mata, wai kada turaren ya mutu. Kin ji wauta."

"Inna, ba laifinki ba ne."

"To na wa? Na'urarki ta ce lafiya, ke kika ce lafiya, ni wace ce?"

Wayar Hindatu ta yi ƙara. Daraktan hukumar ne.

"Injiniya, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya. Sai dai a yi haƙuri, kada maganar nan ta fita tukuna. Mun riga mun zauna, za mu yi Hanci na uku, wanda ya fi wannan basira. Ke za ki jagoranta."

"Ranka ya daɗe, yara nawa ne yanzu haka suke zuƙa a ƙarƙashin koriyar fitila?"

"A bi a hankali dai. Mutane za su firgita."

"Su firgita! A kashe Kawaici yau. Bari Hancin ya yi wa amarya ihu, ya yi wa mai sirace ihu, kowace uwa ta tashi ta shiga ɗakin ɗanta ta gani da idonta. In ba ku kashe ba, da bakina zan faɗa a rediyo, in ce ni na rubuta shi."

Ta katse kiran, ta shiga ɗakin jinya.

Nusaiba tana kwance, ƙaramar na'urar oksijin maƙale a hancinta. Dakta ya ce da irinta za ta riƙa yawo, wataƙila shekaru. Hindatu ta tsaya a bakin gado, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Sannu," ta ce.

"Umma." Yarinyar ta tsaya ta ja iska. "Da kin sani?"

"Ban sani ba."

"Na yi ƙoƙarin dainawa. Na jefar da ɗan zuƙan a shara, na koma na tono." Ta sake tsayawa. "Har kan kujera nake hawa, in hura wa Hancin tururin. Ina so ya yi ja, ki shigo ki kama ni. Na kasa faɗa miki da baki."

Hindatu ta zauna a gefen gadon. Ta ƙera hancin da ke rarrabe dubban ƙamshi, aka kai shi kowane gida a birnin, amma tsakanin ɗakinta da na 'yarta bango ɗaya ne, kuma ƙofar ba a taɓa kulle ta ba.

Ta tagar asibitin, fitilun Hancin da ke benayen da ke fuskantarsu suka fara juyawa. An kashe Kawaici. Ɗaya ta yi ja, sannan wata, sannan hawa guda gaba ɗaya. Wasu turare ne, wasu ba turare ba, kuma yanzu ba na'urar da za ta faɗa wa kowa wanne ne wanne.

Nusaiba ta lumshe ido, barci ya fara ɗaukar ta. Hannunta ya zame ƙarƙashin matashi yana lalube, yana neman bututun da ba ya nan. Hindatu ta kama hannun. Ya fizge, ya sake komawa neman abinsa. Ta sake kamawa, ta riƙe da hannu biyu.