Rijiyar Gidan Malam Audu

A bakin rijiyar awo ta Tungar Guru Nuraddeen ya fara ganin Lubabatu. Yana zura tef ɗin awon ruwa cikin bututu, yana jiran ƙarar da ke nuna an taɓo ruwa, sai ga ta da tulu a ka tana dariya.

"Malam, wanga gugan naka ai ko kaza ba ya shayarwa."

Wallahi lambar ran nan sai da ya sake rubuta ta sau uku. Duk wata yakan zo daga Anka ya auna zurfin ruwa, ya ɗeba a kwalba a kai gwajin gubar dalma. Kafin damina ta fita ta zama "Luba tawa", shi kuma "Mai Tef".

Ita ta roƙe shi ya gwada rijiyar gidansu, don ƙannenta biyu, Haris da Asma, sun rasu a shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara. Ana gobe zai je gaida mahaifinta sakamako ya fito. Gubar ta wuce ƙima nesa ba kusa ba.

Mahaifin nata, Malam Audu, ya tarbe shi a zaure cikin dattawa, ya miƙa masa kwanon sha cike da ruwan rijiyar da hannunsa. Nuraddeen ya riƙe kwanon, ya kasa kai shi baki.

"Baba, ruwan nan da guba. Don Allah a daina sha."

Kash! A gaban dattawa fa.

"Rijiyar da ubana ya gina? Ka fi ƙarfin ruwan gidana, amma kana son ɗiyar da ta girma da shi? Tashi ka ba ni wuri."

Wata uku Nuraddeen ko ƙeyar Luba bai gani ba, ya rame ya lalace. Sai ga saƙonta:

"Mai Tef, da ka kurɓa sau ɗaya mi zai ci ka? Ga Saminu mai injin niƙan dutse yana ta zarya. Shi kwano biyu ya shanye."

Ya mayar mata: "Luba tawa, da na sha, da kun ci gaba da sha. Gara in rasa ki da in binne ki." Ya kife wayar ya yi kuka sosai.

Luba ta karanta wa mahaifiyarta, Inna Hure. Tsohuwa ta ajiye muciya ta nufi zaure.

"Malam, biyu mun binne. Ba ni binne ta uku."

Malam Audu ya ce: "Hure, in na yarda da yaron ga, da hannuna ke nan na shayar da su."

Kuka kawai suka yi tare. Da kansa ya kwaɓa siminti ya rufe rijiyar.

Ranar ɗaurin auren Luba da Nuraddeen, dattijon ya taka har famfon bakin gari, ya dawo da kwanon nan cike.

"Sha, ɗana. Wanga ba na gidana ba ne."

Nuraddeen ya shanye tas, hawaye na zuba cikin kwanon.

"Allah Ya yi muku albarka," in ji Malam Audu. "Ku dai naku, Allah Ya raya muku su."