Igiyar Ƙararrawar Cocinmu

Kwanon tuwon da zan kai wa mijina asibiti na manta a coci, shi ya mayar da ni gab da faɗuwar rana. Asabar ce, mu 'yan zumuntar mata mun gama shara, kowa ta kama gabanta. Mijin nawa Wedson kuwa yana kwance ƙirji ya riƙe, likitoci sai kau da kai suke in na yi tambaya.

Cocin namu ya girmi duk bankunan da suka kewaye shi. Kakanninmu suka gina shi da jan tubali, ba zane ba injiniya, su ɗora su rushe har ya tsaya. In ka shafa bangon za ka ji shatin yatsunsu. 'Yan mishan suka kawo ƙararrawa, suka haɗo da al'adarta: in ɗan ikilisiya ya rasu a buga ta a hankali, bugu ɗaya shekara ɗaya, gari ya ƙirga ya gane wanda ya tafi. Mu ma muka ƙara tamu. Ba a barin igiyar tana reto. Mai gadi Abambo Sitima, wato Baba Sitima a yarenmu, kan naɗe ta ya rataye a ƙugiya can sama. Ya ce cikin maginan akwai waɗanda har yau ba su san an sallame su ba, kuma igiya a sake kiran aiki ce.

To ran nan Amayi Kalinde, wato Mama Kalinde, sabuwar zuwa, wadda tsabta ta yi wa yawa, ta ga wutsiyar igiyar ta yi baƙi da kashin jemage. Ta sauke, ta wanke ta da sabulu tas, ta bar ta tana reto ta sha iska. Sai daga baya na ji wannan.

Na shiga ta ƙofar gefe. Ihun 'yan kamasho da ƙamshin gasasshiyar masara suka tsaya a waje. Ciki sai warin man goge benci, da ɗan jan haske daga tagogi. Na ɗauki kwanona.

Sai ƙararrawa ta buga.

Na tsaya. Can ta sake, a hankali. Bugun mutuwa ne. Sitima kuwa yanzu na wuce shi a bakin titi yana cinikin masara.

Mutum ɗaya na sani a ikilisiyarmu da ke kwance rai a hannun Allah, shekarunsa sittin da uku.

Na nufi ɗakin gindin hasumiya. Warin ya sauya, ya koma na ɗanyar laka da hayaƙin itace. Igiyar na sauka, tana hawa, babu kowa. A ƙasa sawun ƙafa biyu ne, ba takalmi, jiƙe da jar laka.

Akwai numfashi. Irin na mai ɗaukar kaya.

"Abambo, don Allah," na ce cikin raɗa. "Bai mutu ba. Tuwonsa ne ma a hannuna."

Ta buga. Bakina da kansa yake ƙirgawa, har mun haura ashirin.

Na saki kwanon, na cafke igiyar.

Ta ɗaga ni sama. Ƙafafuna suka bar ƙasa, ta dire ni, ƙararrawa ta buga. Ta sake ɗagawa. Na naɗe ta a damtse, na sakar mata duk nauyina, ina kiran Sitima da muryar da ba ta fita.

Wasu yatsu suka rufe nawa. Sanyi, kaushi, laka.

"Amayi," aka ce a kunnena, ba da fushi ba, da gajiya. "Aiki ne. Ba a barinsa rabi."

Ban saki ba. Tsoro kamar ya kashe ni, amma ban saki ba.

Yatsun suka bar nawa.

"To," aka ce. "A nan ya tsaya."

Igiyar ta saki, na zube a kan tuwon.

Sitima ne ya ja ni waje, ya koma da gudu ya rataye igiyar. Da ya dawo bai tambayi abin da na gani ba, sai dai a nawa ta tsaya. Na ce talatin da biyu. Ya ce in je, majinyaci na jira.

Wedson ya tashi. Ga shi nan gida, yana cin abinci yana mitar gishiri. Matan zumunta suna cewa na yi kokawa da mutuwa na kayar da ita, ni dai murmushi nake. Dattawan coci sun sa wa hasumiyar ƙofar ƙarfe.

Amma tun da aka rataya ƙararrawar nan ba ta taɓa ƙirga shekarun da babu mai su ba. Ɗanmu Yamikani direban babbar mota ne, kullum yana hanya, yana tsokanata wai na fi matarsa kiransa a waya. Wata mai zuwa zai cika talatin da biyu, ya ce in yanka masa kaza.