Wakiliyar Mazaɓa da Ɗan Wanda Ta Kayar

Ranar da ta fara ganinsa, makirufo ne ya mutu a hannunta.

Zauren makarantar ya cika maƙil, fankar sama tana juyi kamar an yi mata dole. A bana jam'iyya ta canza doka. An daina barin manya su kulle kansu a ɗaki su naɗa waɗanda za su je babban taron fidda ɗan takarar shugaban ƙasa. Yanzu kowace mazaɓa za ta taru, masu katin jam'iyya su zaɓi wakili ɗaya, su kuma faɗa masa gwanin da zai jefa wa ƙuri'a da sunansu. Matan da ke kawo yara rigakafi asibitin unguwa ne suka matsa wa Sista, ma'aikaciyar jinyar asibitin, har ta yarda ta tsaya.

Ta buɗe baki ke nan sauti ya ɗauke. Daga bayan zauren aka fara dariya. Sai ga wani dogon saurayi ya taso daga bayan lasifika, ya durƙusa ya murɗa waya, ya miƙa mata yana magana ƙasa-ƙasa.

"Kada ki kalli masu dariya. Kalli matan can, saboda ke suka zo."

Ta kalle su, muryarta ta dawo. Ta yi magana kan ɗakin haihuwar da ba shi da ruwa, da magungunan da ke ƙarewa tun tsakiyar wata. Da aka ƙidaya ƙuri'u ita ce a sama, mazaɓa kuma ta ɗora mata zaɓen gwanin da ya yi alkawarin gyara asibitoci. Wanda ta kayar dattijo ne da bai taɓa fashin babban taro ba, har sunan Baba Wakili ya bi shi, kuma gwaninsa daban ne.

Da ta je yi wa mai lasifikar godiya, yana naɗe waya ya ce mata Dogo ake kiransa, kuma mutumin da ta kayar mahaifinsa ne. Ta rasa inda za ta sa kanta. Shi kuwa murmushi ya yi, ya ce tunda ta hana gidansu kujera, ai sai ta biya diyya da lambar waya.

Washegari tana tsakiyar awon jarirai saƙonsa ya shigo.

"Barka da aiki, Wakiliyata. Baba bai karya kumallo ba, ni kuma na ci nawa na haɗa da nasa. Allah Ya yafe mini."

Ta daɗe tana danne dariya kafin ta rubuta: "Allah Ya huci zuciyar Baba. Kai kuma ka ji tsoron Allah, Dogona."

Sai da saƙon ya tafi ta lura da abin da ta ƙara a ƙarshen sunan.

Tun daga nan ya zama in ta tashi aiki yana bakin ƙofar asibiti, hannunsa duk baƙin mai, ya raka ta har kan layinsu. Bai taɓa ɗauko mata zancen taro ba. Hirarsa ta shagonsa na gyaran janareta da hayar lasifika ce, da yadda yake son ya ƙara ɗaki ɗaya a sama, da tambayar ko ta ci abinci. Ita da ta saba kula da kowa, sai ga mai kula da ita, har takan tsaya a ƙofar gida ta yi hamdala kafin ta shiga.

Mama ce ta fara nuna damuwa. Ta ce ba ta ƙi yaron ba, amma gidan da aka kunyata a bainar jama'a ba ya saurin mantuwa, kuma ba za ta kai autarta inda za a riƙa yi mata kallon abokiyar gaba ba. A can kuma Baba Wakili ya rantse ba zai taka ƙafa ya nema wa ɗansa yarinyar da ta tsige shi ba.

Ana haka Sakataren matasa, wanda ya daɗe yana zarya gidansu ba ta ba shi fuska, ya tare ta a ofishin jam'iyya ranar da ta je karɓar katin shiga taro. Ya nuna mata hoto a waya: Dogo yana kafa lasifika a taron gwanin mahaifinsa.

"Turo shi aka yi, Sista. Ƙuri'arki suke so. Da kunnena na ji uban yana cewa ɗansa zai juyo musu da ke."

Ta karɓi katinta ta wuce gida. Ta rubuta wa Dogo: "In ƙuri'ata kake nema, ba tawa ba ce, ta mutane ce. Don Allah kada ka ƙara zuwa asibiti."

Amsarsa ta zo nan take: "Aikin haya na je yi, kamar yadda na yi a naku. Ban taɓa roƙonki ƙuri'a ba, kuma ba zan fara ba. Ki je ki sauke amanarki, Wakiliyata. Ina nan inda kika bar ni."

Ta karanta ya fi a ƙirga, ba ta amsa ba.

Babban taron ya zo. Filin wasa ne aka cika da kujeru, kowace jiha da allonta, wakilai sanye da kati a wuya, ana tantance su ɗaya bayan ɗaya. Kafin a fara jefa ƙuri'a wasu mutum uku daga ɓangaren gwanin Baba Wakili suka ja ta gefe, kusa da matakala. Suka ce ƙuri'ar sirri ce, babu wanda zai sani, kuma akwai kujera a ma'aikatar lafiya tana jiran mai hankali. Ta ce musu ita za ta sani, kuma da wane ido za ta kalli matan da suka bar girki suka yi layi dominta? Suka matso, murya ta fara kauri.

"Ku ba ta hanya."

Baba Wakili ne, da katin 'yan kallo a wuyansa. Ya ce shi ma gwaninsu yake so, amma mazaɓarsa ta riga ta yi magana, kuma wannan yarinya bakin mazaɓar ce. Suka watse suna gunaguni.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta tashi. Ya gyara hularsa.

"Gaskiya ne na ce masa ya juyo da ke. Ya ce mini, Baba, ka sa ni komai zan yi, ban da wannan. Na yi fushi na ce ya bar mini gida. Tun lokacin a shago yake kwana, bai kuma fasa zuwa gaishe ni kowace safiya ba. Yau na ga abin da ya gani. Je ki yi abin da ya kawo ki, 'yata."

Ta jefa ƙuri'arta hawaye na zuba, har jami'ar akwatin ta tambaye ta ko lafiya. Tana fitowa ta ciro waya.

"Na sauke amana. Na zalunce ka da zato, ka yafe mini. Asibiti yana nan inda ka san shi."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Gobe ki fito da wuri, akwai hirar da na tara."

Daga ƙarshe ba gwaninta ne ya ci ba, ba kuma na Baba ba, wani na uku ne ya shige ta tsakiyarsu. A motar dawowa dattijon ya yi ta dariya har da tari, yana cewa ga shi an haɗa su a jaje ɗaya, sai kuma a haɗu a farin ciki.

Bai ɗau lokaci ba ya zo da ƙannensa neman aure. Mama ta saurari yadda aka yi a bakin matakala, ta share ido da gefen mayafi, ta ce mutumin da ya tsaya wa 'yarta alhali bai ci ribar komai ba, ta yarda ya zama uba gare ta.

Ranar ɗaurin aure mutanen ɓangarorin biyu suka cakuɗe a tsakar gida har ba a gane na wane gwani ne wane. Kafin a kai ta ɗakinta, Baba Wakili ya sa ango da amarya gaba ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa su riƙe amanar juna, Ya ba su zuriya mai albarka. Mama ta ce amin.

Da gida ya yi shiru, Dogo ya zauna kusa da ita ya tambaye ta abin da take tunani.

"Godiya nake yi," ta ce. "Ban san ta inda zan fara ba."

"Fara da ni, sauran mu yi tare."

Ta yi dariya, ta ɗaga hannuwanta, shi ma ya ɗaga nasa.