Bugun Taɓarya Arba'in da Biyu

Ranar da manoman lambu na Jiratawa suka taru zaɓen shugaban ƙungiyarsu, ranar wani saurayi mai suna Maman Lawali ya fara ganin Tahira.

Ɗan Tsibiri ne, yana da ɗan shagon gyaran bidiyo a Sabon Garin Maraɗi. An kira shi ya ɗauki taron a sa a intanet, don 'yan garin da ke ƙetare su gani. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dogonyaro a ƙofar gidan Malam Idirisa, shi kuma ya kafa wayarsa kusa da darni.

Sai ya ji daka. Ya leƙa ta saman darnin, ya ga wata budurwa tana dakan gero na furar baƙi. Can sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe ta ba tare da ta duba ba.

Lawali ya ɗan karkata wayar. Daga nan har aka tashi, kusurwar hoton ba ta bar darnin nan ba.

'Yan takara biyu ne, Alhaji Tanimu, aminin Malam Idirisa tun ƙuruciya, da wani Hamidu. Aka ce su shiga zaure har a gama ɗaga hannu. Hamidu ya ci da ratar ƙuri'a uku.

Da aka watse, Tahira ɗiyar Malam Idirisa ta kawo masa fura, kanta a ƙasa.

"Ke ce mai dakan nan?" in ji shi.

"Ya dame ku ne?"

"Ni dai ya dame ni ƙwarai. Ban san ma wa ya ci zaɓen ba."

Ta rufe fuska da mayafi ta shige gida da gudu.

Bayan kwana biyu ya dawo, wai ya manta caja. Inna Tsahara, mahaifiyarta, ta dube shi ta ce, "Yaro, cajar taka tana da suna ko?" Ta bar su suka gaisa a zaure. Daga ranar saƙonni suka fara.

"Mai taɓaryata, na shigo shago lafiya, amma hankalina yana Jiratawa. Ki kula mini da shi."

"Yaya Lawali, ni aji uku na yi a makarantar lakwal, kada ka yi dariyar rubutuna. Hankalinka yana nan lafiya, ya ci tuwo."

A shekarar an rufe iyaka, wuta ta yi wuya, rezo, wato sabis ɗin waya, kuma sai a hankali. Bidiyon taron ya fi awa guda, in ya fara hawa intanet sai ya katse. Lawali ya buɗe baƙin allon ordinatarsa, wato kwamfuta, inda ake rubuta umarni da hannu, ya rubuta layi ɗaya don ya rage nauyin bidiyon. Ya kalli farkon, ya ga lafiya lau, ya ɗora. Ya goge na asalin saboda wayar ta cika.

Akwai wani Bilal mai kabu-kabu da mashin, wanda ya daɗe yana neman Tahira ba ta kula shi ba. Shi ya yanko wani ɗan gutsure ya watsa a wayoyin mutane. A ciki ana jin murya tana cewa, "Masu son Hamidu su ɗaga hannu," ga kuma Malam Idirisa hannu a sama har yana murmushi.

Malam ya rantse Tanimu ya zaɓa. Waɗanda suka zauna kusa da shi suka ba da shaida. Mutane suka ce ai bidiyo ba ya ƙarya. Alhaji Tanimu ya daina amsa gaisuwarsa, a masallaci ma ya canza sahu.

Cikin wannan hali manyan Lawali suka zo daga Tsibiri neman aure. Malam bai bar su sun gama magana ba.

"Yaron da ya raba ni da aminina na shekara arba'in? Tanimu na yi wa alkawarin shi zai ba da auren ɗiyata. Ku je ku dawo mini da shi, sannan mu yi magana."

Da yamma saƙon Lawali ya shigo.

"Tahirata, na rantse ban taɓa komai da gangan ba. Na goge na asali, ba ni da hujja. In Baba ya ce a'a, ba zan sa ki saɓa masa ba."

Ta karanta, sannan ta rubuta.

"Ban ce ka haƙura ba. Turo mini bidiyon duka, ba guntu ba."

Ta zauna bayan rumbu tana kallo. Kowa manyan da ke kan tabarma yake kallo, ita kuwa kanta ta hango can a kusurwa. Ta ga ta cilla taɓarya ta tafa, amma ba ta ji tafin ba. Sai da ta ƙara bugu uku sannan ya zo. Ta matsa gaba. Ta sake cillawa, wannan karon sai bayan bugu goma sha tara.

Washegari ta roƙi Inna ta raka ta Maraɗi. Suka tarar da Lawali zaune, ba wuta, idanunsa sun yi ja.

"Yaya Lawali, bidiyonka ƙarya yake yi," in ji Tahira. "Hoto yana gaba, murya tana binsa a baya. Kuma tun ana kusa har ta yi nisa."

"Na duba farkon, daidai yake."

"Farkon ka duba. Wa ke ɗanɗana miya tun ba ta tafasa ba ya ce ta yi?" Inna ta ce daga kan benci.

Sai da suka jira har azahar wuta ta dawo. Ya rubuta umarni a baƙin allon, lambobi suka fito. Ya dafe kai.

"Hoton ya gaza muryar tsawo da kusan minti guda. Na gane. Wayar ta yi zafi a rana, ta riƙa rage hotunan da take ɗauka. Ni kuma na umarci na'ura ta jera su da gudu ɗaya, talatin a daƙiƙa. Shi ya sa hoton ya tsere wa muryar."

"To ka jawo muryar gaba mana."

Ya gwada. Ƙarshen ya daidaita, farkon ya lalace. Ya miƙe hoton duka da ma'auni ɗaya, sai tsakiyar ta goce, don wayar ba lokaci ɗaya ta yi zafi ba. Ya jingina da kujera.

"Ba ni da alamar da zan auna da ita. Mai kiran sunayen ba ya cikin hoto, ba na ganin bakinsa."

"Kana da ni," in ji Tahira. Da ta ji abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai. "Ina nufin tafina. Sau bakwai na cilla taɓarya."

Haka suka yi. Ita tana ƙirga bugu da yatsa a kan tebur, shi yana rubuta lokacin da aka ga tafin da lokacin da aka ji shi. Ya yanka bidiyon gida-gida, kowane daga tafi zuwa tafi, ya miƙe kowane da nasa ma'aunin. Wuta ta ɗauke suna kan na huɗu, aikin ya tsaya. Suka dawo washegari, da jibi. Wani lokaci na'urar ta yi ta zubo jan rubutu, ya duba ya ga harafi ɗaya ya ɓata.

"Kai ma aji uku ka yi?" ta tambaye shi.

"A wurinki nake aji ɗaya, gimbiya."

Inna ta yi gyaran murya, suka koma kan allo.

A rana ta uku aka haɗa gidajen. Tahira ta cilla taɓarya, tafin ya faɗo daidai kan hannunta. Murya ta ce, "Masu son Alhaji Tanimu," hannun Malam Idirisa ya tashi. Inna ta fashe da kuka.

Amma Lawali bai yi murna ba. "Za su ce ni na gyara shi yadda nake so."

"Tsohon za mu fara nuna musu," in ji Tahira. "Ni zan yi bayani."

"Ke? Gaban maza?"

"Ina jin tsoro. Amma zan yi."

Ranar Juma'a bayan la'asar, Inna ta sa liman ya tara su ƙarƙashin dogonyaron nan. Alhaji Tanimu ya zo yana kallon gefe. Mata suka tsaya bayan darni. Tahira ta durƙusa, ta gaida manya.

"Baba Alhaji, kada ka kalli Babana. Ka kalle ni a kusurwar nan. In na tafa, ka ƙirga bugun taɓarya."

Aka kunna tsohon bidiyon dab da ɗaga hannu. Taɓarya ta tashi, hannuwa suka haɗu, shiru. Alhaji ya fara ƙirgawa ciki-ciki, sai matan bayan darni suka ɗauka da ƙarfi. Ashirin. Talatin. A bugu na arba'in da biyu tafin ya zo.

"Kai!" wata tsohuwa ta ce. "Tafi ne ko ɗan aike? Ko daga Tsibiri yake tahowa ya isa kafin nan!"

Dariya ta ɓarke. Aka kunna wanda aka gyara, kowa ya ga hannun Malam ya tashi a kan sunan amininsa. Bilal ya tada mashin ɗinsa ba sallama.

Lawali ya durƙusa. "Baba, kuskurena ne. Farkon kawai na duba. Na cire tsohon, na sa wannan, na kuma rubuta laifina a ƙasa kowa ya gani."

Alhaji Tanimu ya tashi ya kama hannun Malam Idirisa da hannu biyu. "Idi, ka yafe mini. Na yarda da waya na bar ka."

"Ya wuce, Tanimu. Ka dawo sahunmu dai, wanda ya maye gurbinka yana taka mini ƙafa."

Sannan Malam ya juyo ga Lawali. "Kai kuma, mi ya sa taron mutum ɗari ka kafa wayarka kan darnina?"

Lawali ya sosa ƙeya. Tahira ta ja mayafi har haɓa.

"Bar shi, Idi," in ji Alhaji Tanimu. "Ba don ya kafa ta nan ba, da har mu mutu ba ma magana. Ku ce wa mutanen Tsibiri su dawo. Ni ne waliyyi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Alhaji Tanimu ya ba da Tahira, Malam Idirisa yana gefensa kafaɗa da kafaɗa. Da aka shafa fatiha, saƙo ya shigo wayar amarya.

"Matata, abokina ya ɗauki ɗaurin auren. Ba zan ɗora shi ba sai kin duba."

Ta share hawaye ta amsa.

"Har ƙarshe za mu kalla, angona. Tare."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya bar Malam Idirisa da Alhaji Tanimu a sahu ɗaya har tsufa.