Dosa Babu Catnin Kwakwa

Ranar da Kayal ta fara ganin Maran, bakinsa ne ya jawo masa. Ya zauna a bencin rumfarsu da ke bakin hanyar Pollachi, ta shimfiɗa masa ganyen ayaba, ta ɗora dosa mai zafi, wato wainar shinkafa mai faɗi, ta zuba miyar sambar, ta jera catni, wato markaɗen da ake dangwala, na tumatir da na gyaɗa, ga yajin podi da man riɗi a gefe. Ya duba, ya ƙara dubawa.

"Ƴan mata, ina catnin kwakwa?"

Wani tsoho da ya kai loma bakinsa ya mayar da ita kan ganye.

"Ba ma yi," in ji Kayal.

"A garin nan? Garin da ko tuntuɓe ka yi, kan kwakwa za ka faɗi?"

"Bawan Allah, ci abin da aka ba ka."

Ya yi dariya, ita ma ta kusa yi. Mahaifiyarta Ponnammal tana bakin kasko, ko fuskarsa ba ta kalla ba. Ƙafafunsa ta kalla, ta ga kantar da igiya ta bari a idon sawu, ta ga lauje a ƙugunsa. Mai hawan kwakwa ne. Ta bar dosa ta ƙone a gabanta.

Shekara tara ke nan da mahaifin Kayal ya faɗo daga bishiyar kwakwar bayan gidansu. Tun ranar ba a sake fasa kwakwa a gidan ba, bishiyar kuma ba mai taɓa ta. Ƴaƴanta su bushe su faɗo, su ruɓe a inda suka faɗi.

Maran kuwa ya mayar da rumfar tamkar gidansu. Kullum da safe yana nan, wai shi catnin gyaɗa ya kama shi. Ƙarya yake, kowa ya san abin da ya kama shi. Kafin wata biyu saƙonnin waya sun fara yawo a tsakaninsu.

"Ƴar barkonona, yau daga saman bishiya na hango jan ƙyallen gashinki. Saura kaɗan na manta a ina nake."

Ta rubuta: "Kar ka sake yi min irin wannan wasan. In ka sauko ka turo min kalma ɗaya, ko 'na sauko' ce."

Haka ya zama. Kullum kafin rana ta take sai kalmar ta zo, ranar da ta yi jinkiri kuwa sai gishirin sambar ya yi yawa.

Da ya turo manyansa, Ponnammal ta ba su kofi, ta sallame su. Ta ce da ƴarta, "Ɗan kawunki Nallasivam yana nan, aikinsa a kan kujera yake. Ban haife ki don ki ƙare rayuwarki kina kallon sama ba."

"Inna, ina son shi."

"Ni ma na so nawa."

Nallasivam bai tsaya wata-wata ba, ya tare Maran a tasha ya ce masa an riga an sa rana. Kwana shida bencin ba Maran, wayar ba kalma. Kayal ta rame, tsoro ya hana ta fushi. A rana ta bakwai ta rubuta: "In ka daina sona ne ka faɗa, amma ka gaya min kana raye."

"Ina raye, rabin raina. An ce min an ba da ke."

"Wanda ya faɗa maka ya je ya auri ranar da ya sa."

Lokacin watan Adi ne, watan iska. Tsohuwar bishiyar ta karkato kan gidan, tana ƙara kamar ƙofar da ba mai. Wata safiya Kayal tana markaɗen gyaɗa, busasshiyar kwakwa ta fasa rufi ta daki dutsen niƙa, tsakaninta da kan Kayal bai kai taƙi ba. Ta ba Maran labari don ya tausaya mata, kuskuren da ta yi ke nan. Kafin a juya dosa uku sai ga shi da igiya a kafaɗa.

"Maran, don girman iyayenka kar ka hau wannan!"

"Akwai kwakwa sama da ashirin a kanta, Kayal. Wace ce a ciki za ta same ki?"

Ya sa igiya a ƙafa ya kama hawa. Ponnammal ta fito da ludayi a hannu, ta ga inda yake. Iska ta kaɗa, bishiyar ta tafi da shi gabas ta dawo. Wajen tsakiya ƙafarsa ta zame, ɓawo ya zubo musu a ka. Kayal ta rufe ido. Tana jin faɗuwar abu, tim, tim, kowace faɗuwa sai ta ce shi ne.

Sai ta ji muryarsa kusa da kunnenta. "Na sauko."

Ponnammal ta zube a bakin ƙofa. Da ta samu magana, ba da shi ta yi ba.

"Kayal, kin san me ya kai ubanki can? Ya zauna zai karya, ya ce catnin tumatir ma ya ishe shi. Ni na ce ba na kai wa mijina dosa ba catnin kwakwa, ya hau ya tsinko min guda ɗaya. Dosar tasa ba ta huce ba aka kira ni."

Shekara tara Kayal ba ta taɓa jin wannan ba. Ta rungume ta suka yi ta kuka, Maran yana tsaye ƙirjinsa duk a kuje.

"Na ba ki shi," in ji uwar. "Ya hau don kanki, ba zan iya korarsa ba. Amma ki dafa kaina ki yi alkawari, bakinki ba zai taɓa aikensa sama ba. In aiki ya kai shi, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. In babu kwakwa a gida, ku ci da yaji."

Kayal ta dafa, ta yi alkawari.

Da watan iska ya wuce aka ɗaura auren da hantsi a ɗakin bautar garin. Ganguna suka ɗau zafi, Maran ya ƙulla mata zaren aure mai ruwan kurkum a wuya, jama'a suka yi ta watsa musu shinkafa. Suka durƙusa a ƙafafun Ponnammal, ta ɗora musu hannu.

"Ubangiji ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a. Kai kuma ɗana, duk inda ka hau, ka sauko da ƙafafunka. Ke ki ga furfurarsa, abin da ni ban gani ba."

Da suka miƙe Kayal ta kama hannun mijinta, ta matse.

"Ƴar barkono, za ki karya min yatsu," ya ce a hankali.

Ba ta sake shi ba.